Inci Biyu

Na kai ta shagon Ozeme Lejeune ran Talata,
nannaɗe cikin bargon da karenmu ke kwana a kai.
Ruwan Luwiziyana na zuba tun asuba,
gonakin shinkafa sun sha har sun rufe kunya.

Bindigar kakana ce, mai famfo,
a ja baya, a tura gaba,
ta yi gyaran murya sau biyu kamar dattijo zai yi magana.
Na ce sayarwa zan yi.
Rufin ɗakina na yoyo,
tuna baya kuwa ba ya toshe kwano.

Bai amsa ba. Ya ja, ya leƙa,
sai da ya tabbata cikinta wayam,
sannan ya ɗaga bututun wajen taga
ya kanne ido ɗaya kamar mai duban wata.
Ya ce, ciki fes, wani ya so ta.
Baƙinta ya koɗe inda hannu ke riƙo,
ƙarfe ya yi furfura, ba aibi ba ne.
Masu saye sun fi son furfura da rini.

Sai ya jawo ma'auni.
Ya gwada katakon kafaɗa, ya tsaya,
ya sake gwadawa, ya yi tsaki.
Inci biyu babu. An sa mata zarto.
Da an bar ta yadda ta zo, dala dubu da ɗari biyu.
Yanzu ɗari huɗu,
shi ma don na san gidanku.

Na ji haushin mamaci.
Alcee, mutumin da ke miƙe tsohuwar ƙusa da guduma
don kada a sayi sabuwa,
shi ne ya yanke dala ɗari takwas ya zubar?

Ozeme ya ce bari ya ga bakin yankan.
Noti biyu ke riƙe da marfin gindi, ɗaya ya ci tsatsa.
Ya ɗiga masa mai, ya zuba mana gahawa.
Ya ce, noti da jaki halinsu ɗaya,
in ka matsa su turje.
Muka sha, muka jira. Ya kwance da kansa kusan.

A ramin katakon akwai takarda,
nannaɗe siririya kamar taba.
Fensir, rubutun kaka mai karkata kamar kara cikin iska:
An rage don Eulalie.
Shekara sha ɗaya, hannunta bai kai ba.
Agwagwa biyu, harbi uku.

Eulalie uwata ce.
Matar da na sani tana toshe kunne in an yi tsawa,
wadda muka binne a Fabrairu
ba ta taɓa ce min ta san sanyin fadama kafin rana ba.

Ozeme ya share tabarau, ya daɗe yana sharewa.
Ya ce zai iya ƙara guntun katako,
ya daidaita launi, sai mai ido zai gane.
Kuɗin zai ɗan motsa.

Na ɗaga ta, na kai kafaɗa, don kawai in ji.
Ta zauna.
Ba miƙa wuya, ba laluben kunama,
kuncina ya sauka inda katakon ya yi santsi,
inda wani kunci ya riga ni.
Gajerun hannuwan nan da nake zagi a shagon riguna,
ashe da awonsu.

Na ce, koya min shafa mata mai.
Ya ce, ɗigo, ba kwarara ba.
Tsumma mai laushi, bayan kowace damina.
Ki jingine ta baki ƙasa
kada mai ya gangara ya jiƙa katako.
Sifirin ɗin ciki ya gaji, dala tara.

Na biya tara.
Na mayar da takardar raminta da hannuna,
shi ya ɗaure notin.

Ruwa bai ɗauke ba har dare.
Na matsar da gado, na sa bokiti na uku.